Ranar da Na Bi Malam Kan Tsani

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ina jin zai bar mini ranar da na hau tsanin mota a hanyar Lyon. Shekaru sun ɗan ja, jikar da muka tafi tarbar haihuwarta har ta shiga lakkol, makarantar boko, amma in na rufe ido har yanzu ina jin sanyin ƙarfen nan a tafin hannuna.

Ni dai mutuniyar ɗaki ce. Tun da aka kawo ni Faransa daga Damagaram, duniyata ba ta wuce gidanmu na Stains a gefen Paris ba, sai kasuwa, sai gidajen 'yan uwa a Bobigny in an yi suna ko rasuwa. Boko ban yi nisa ba, faransancina na cefane ne da na asibiti. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. Ina kicin nake gane wanda ya fito daga asansar, na'urar hawa bene, ta takunsa, kuma in tukunyar maƙwabciyata ta kusa ƙonewa ni nake fara ji. Malam kuwa, maigidana, ƙafarsa ba ta son zama. Ya daɗe yana tuƙa manya a wani ofishin ƙasa da ƙasa a Paris, da ya yi retret ya ajiye aiki sai ya je ya sayo wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, irin wadda Faransawa ke cewa kamping-kar. Akwai gado, akwai murhu, akwai ɗan banɗaki wanda in ka shiga da gaba sai ka fito da baya. Na leƙa na ce Allah ya sanya alheri, amma ni ba inda za ni. Ya yi ta lallashi har na gaji, na ce to, sharaɗina ɗaya ne, tele ta bi ni.

Haka aka ɗora kwanon parabol a rufin mota. Duk inda muka yada zango, kafin a ɗora ruwan shayi, Malam zai zagaya baya ya hau tsanin da ke manne da motar, ya tayar da kwanon, ya fara juya shi. Ni kuma ina ciki, na buɗe taga, na sa tele a wurin nan da take yin fito. In kwanon ya yi nesa da tauraron, fiton kauri yake yi. In ya matso sai ya sirance. Ni ce mai saurare, shi ne mai juyawa. Ina cewa ya matsa, ya wuce, ya dawo, ya tsaya nan kar ya yi ko numfashi. Turawan da ke kusa da mu har kujera suke jawowa su kalla. Da hoto ya fito, tashar da ke nuna Ka'aba da 'yan tashoshin da ake jin Hausa a ciki, sai ya sauko yana goge hannu kamar wanda ya gama fiɗar rago.

Kwanon nan yana da wani aiki na biyu da babu wanda ya sani sai mu. In Malam ya sauko, yakan tsaya ya dubi inda kwanon ya fuskanta, ya ɗan karkata hagu, ya shimfiɗa darduma. Nan ce alƙibla. Ya gwada abin da masallacin unguwarmu, ya gwada a garuruwa da yawa, bai taɓa saɓa masa ba. Alƙiblar cikin portabul, wayar hannu, kuwa bai yarda da ita ba, ya ce kibiyar rawa take yi kamar mai jin sanyi.

Sai wata shekara jiri ya kayar da shi a banɗakin gida. Likita ya ce tansiyo ce, wato hawan jini, ya ba shi magani, ya ce tuƙi a hankali ba laifi, amma hawa sama ya ƙare. Ya faɗa a gabana, ya maimaita. 'Yarmu ta fari, wadda ba na kama sunanta, tana aure a Rillieux-la-Pape kusa da Lyon, tana aiki a farmasi. Da ta ji, sai suka zo hutu ita da mijinta da wani kwali. A ciki akwai wani farin abu shimfiɗaɗɗe kamar faifai mai kusurwa huɗu, da ƙafarsa, da doguwar waya.

Ta ce, "Baba, daga yau ba hawa. Wannan a ƙasa ake ajiye shi. Intanet yake jawowa daga sama, tele kuma ta intanet za ta riƙa zuwa."

Malam ya juya shi gaba da baya ya ce, "To wa zai saita shi?"

"Shi yake saita kansa."

"Ikon Allah," in ji shi. Ban ji daɗin yadda ya faɗe ta ba, amma hankalina yana kan abin. Surukinmu ya cire wayar tsohon kwano, ya ce bari ya sauke shi gaba ɗaya. Malam ya ce a bar shi a kwance a rufin, ba ya cin abincin kowa.

Tafiyarmu ta farko da sabon abin ita ce da cikin 'yar tamu ya tsufa, za ni in zauna mata. Lokacin sanyi ya fara shiga. Malam ba ya yin Paris zuwa Lyon a yini ɗaya, ya ce shi ya gama gudu a rayuwarsa, don haka muka bar Stains da rana muka kwana a wani zango a hanya.

A nan na fara ganin abin mamaki. Malam ya ajiye faifan a kan ciyawa, ya sa wayar a wuta. Na tsuguna kusa da shi. Sai na ji wani ɗan ƙugi a cikinsa, siriri, kamar kyanwa tana barci. Ya ɗaga fuska ya kalli sama sosai, ya ɗan yi jim kamar mai tunani, sannan ya sunkuyar da kai gefe guda ya tsaya. Na ce, "Malam, wannan abin da rai?" Ya ce in tambaye shi mana, tunda mun saba. Na taɓa fuskarsa na ji ɗumi. Har yau ina mamakin wannan ɗumin, abin da ba ya cin komai sai kallon sama.

Cikin mota kuma tele ta zama wata iri. Da, abin da tasha ta ga dama shi za ka kalla. Yanzu hotuna ne jere, ƙanana, fim kan fim, wa'azi kan wa'azi, har da tashar gida ana karanta labarai daga Yamai. Ni da ba karatu sosai ba, ta fuska nake gane abin da nake so. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne in na danna telekomand, abin sauya tasha, mutanen sai su tsaya cak, wata da baki buɗe, wani da ƙafa a sama, su jira ni in je in juya miya in dawo. Na tambayi Malam a ina suke jira. Ya ce a inda na bar su. Can kuma da na daɗe ina kallo sai tele ta tsaya da kanta ta yi rubutu. Ya karanta mini, wai tana tambaya ko har yanzu ina nan. Na ce kai, wannan ta fi wasu 'ya'yan ladabi.

Ina cikin wannan ban lura da cewa Malam ya gama aikinsa tun kafin ya fara ba. Ya ajiye abu a ƙasa, shi ke nan. Ya zagaya motar, ya daddaki tayoyi, ya goge madubin da ba datti. Da lokacin salla ya yi, hazo ya rufe ko'ina, ba rana ba alamarta. Ya tsaya bayan sabon faifan, ya dubi inda ya sunkuya, ya ɗan karkata hagu, ya shimfiɗa darduma. Na bi shi. Ni ma a raina kwano kwano ne, taurarin kuma ai duk a wuri ɗaya suke. Haka muka yi sallolin yammacin nan da ta asuba.

Washegari da azahar muka tsaya a wani wurin hutawa a bakin otorut, babbar hanya, inda kamiyo, manyan motocin kaya, ke jerewa. Da can ba ma tayar da kwano don tsayawar cin abinci, wahalar ta yi yawa. Yanzu kuwa tunda abin ajiyewa ne kawai, na ce a fito da shi, akwai wata mata da na bari a tele jiya tana shirin faɗa wa mijinta magana. Muka ci, muka yi alwala, Malam ya duba faifai ya shimfiɗa mana darduma a gefen mota.

Mun tayar da salla ke nan sai ga wani direban kamiyo ya zo da kwali, ya shimfiɗa can gabanmu kaɗan, ya kabbara. Ban ɗaga kai ba, amma ido ba ya rasa ganin abin da ke gabansa. Mutumin nan fuskarsa muke kallo, shi ma tamu yake kallo. In mun yi ruku'u kamar muna gaishe shi, in ya yi sujada kamar yana rama mana. Ban taɓa yin salla mai tsawo irin wannan ba, ga ta kuma ta matafiya ce, gajera.

Da aka sallame, ya naɗe kwalinsa ya iso. Balaraben Maroko ne, ba yaro ba, yana da furfura a gemu. Ya yi sallama, ya kira Malam da Alhaji, suka gaisa da faransanci. Sannan a hankali ya ce ko dai shi ya juya, ko mu.

Malam ya nuna faifan ya ce, "Ni da kwano nake aiki. Shekara da shekaru."

Mutumin ya dubi faifan, ya dubi na rufin mota da ke kwance, ya gane. Ya ce, "Wancan na sama, e. Mahaifina ma haka yake yi. Wannan kuwa ban san inda yake kallo ba, Alhaji, amma ba can ba ne." Ya nuna hanyar da muka fito, ya ce Paris ke nan. Ya nuna inda za mu, ya ce Lyon ke nan, kudu. Ya buɗe hannunsa tsakanin kudu da gabas ya ce Makka. Mu kuwa ƙeya muka ba ta.

Ya ce Allah ya ga niyya, wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ba shi da laifi. Malam ya yi masa godiya sosai, har ya raka shi bakin kamiyo. Ya dawo ya juya darduma, muka sake sallar. 

Da a nan abin ya tsaya, da ya wuce. Amma bakina ba ya riƙe labari. Da la'asar muka sauka a wani zango kusa da Mâcon, a bakin kogi, aka ajiye faifai, sai ga 'yarmu ta kira ta bidiyo. Hoton ya fito tas, har ina ganin kumburin ƙafarta. Tana tambayar hanya, ni kuma na kwashe duka na faɗa mata, har da yadda muka yi ta gaisawa da Balarabe a ruku'u. Ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye.

"Mais non, Baba. Wannan ba tauraro ɗaya yake bi ba. Tsohon naka tauraronsa a tsaye yake wuri ɗaya. Waɗannan suna da yawa, wucewa suke yi kamar garken awaki, ya kama wannan ya saki wancan. Inna, wato tun jiya Ingila kuke fuskanta?"

Ni abin ya burge ni, na shiga tambaya. Su nawa ne, ba sa karo da juna, wa yake kora su, in hadari ya taso ina suke fakewa. Tana ba ni amsa tana dariya. Sai ta ce, "Baba, ka sa ta portabul mana, ko yaro ya iya."

Malam yana zaune a kujerar direba, ya ba mu baya. Ya ce, "Na gode, malama." Ya buɗe ƙofa ya fita.

Muka gama hira, na koma wurin matar nan da mijinta. Ban yi nisa ba na ji wani ƙara a bayan mota, ƙaramin kukan ƙarfe, sannan motar ta ɗan rusuna baya. Wannan kukan na san shi kamar muryar 'ya'yana. Matakin farko na tsani ne. Na ji na biyu. Ban ma tsayar da tele ba, na fita ba mayafi.

Na same shi ya yi rabi, ya cire hula ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga.

Na ce, "Malam, ina zuwa?"

"Sama."

"Na gani ai. Me ka ajiye a can?"

"Alƙiblata. Magariba na zuwa. Ba zan tsaya a titi ina jiran wani direba ya nuna mini gabas ba. Ki shiga ki mayar da tsohuwar waya, ki kunna fiton nan ki saurara mini."

"Kunnena ya yi retret."

"Hajiya, ba wasa nake ba."

"Likita ma ba wasa yake ba."

"Likita ba shi za a tambaya sallata ba."

Ya ƙara mataki. Rufin ya jiƙe da hazo, yana ƙyalli. Ƙasan wurin kuma, daidai bayan motar, akwai dakalin siminti inda ake jan ruwa. Na dubi dakalin, na dubi ƙeyarsa. Na yi watanni ina magana a kan tsanin nan, da lallashi, da faɗa, da haɗa shi da 'yarsa. Na san in na ƙara wata maganar, wani matakin zai ƙara.

Ban san lokacin da na yanke shawara ba. Na tuɓe silifas, na tattare zani na soke, na kama ƙarfen da hannu biyu na hau. Ni ba ƙaramar mace ba ce, kuma tunda nake ko kujera ban taɓa hawa don sauya ƙwan fitila ba. Motar ta yi wani nishi ta ƙara rusunawa.

Ya leƙo ta ƙarƙashin hammatarsa. "Me kike yi?"

"Sama za ni. In ka faɗo mu faɗo tare, in huta da yi wa yarinyar nan bayani."

"Ki sauka."

"Ka fara."

"Ta ina zan fara, kin tare hanya?"

Gaskiyarsa ne, ban yi wannan lissafin ba. Na ƙara mataki don in nuna masa da gaske nake, na ƙara wani, har kaina ya kai dugadugansa. A nan na yi kuskuren duba ƙasa. Ba wani nisa ba ne, yanzu in na faɗa wa mutane dariya suke yi. Amma a lokacin ciyawar nan ta yi mini kamar ƙasan rijiya. Tsanin ya fara kaɗawa a ƙarƙashina. Na miƙa ƙafa ina neman matakin ƙasa, babu shi. Ƙarfen ya yi sanyi, tafin ƙafata ya jiƙe, hannuna ya fara zamewa.

Na ce, "Malam, ban iya sauka ba."

Muryar da ya amsa mini da ita ban taɓa jin ta ba, ko ranar da aka shiga da ni tiyata. Ta sirance, tana rawa. Ya ce kar in saki, ya ce in dubi ƙafarsa kawai, ya kira ni da sunana na yanka wanda ya yi shekaru bai kama ba. Ya so ya miƙo hannu, ya ga in ya saki shi ma zai taho. Ya so ya sauko, ya ga zai taka mini yatsu. Yana sama, yana kallona, ba abin da zai iya yi sai addu'a, yana yin ta kuwa da ƙarfi.

Yadda na sauko ba abin alfahari ba ne. Na sulalo ne kamar buhun gero, haɓata ta bugi mataki, na zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ciyawa, tazara kaɗan da dakalin simintin. Kafin in gama salati ya sauko. Ya durƙusa yana taɓa kafaɗata, yana taɓa gwiwata, yana tambaya ina ne, ina ne. Na ce ba ko'ina, sai zanina da ya jiƙe. Sai ya zauna a ciyawar shi ma, ya jingina da taya. Fuskarsa ta yi fari kamar toka. Muna jin matar tele a cikin mota tana ta zazzaga wa mijinta.

Can ya ce, "Haka kike ji in na hau?"

Na ce, "Tun kafin likita ya yi magana."

Ya dubi kogi. Sannan ya ciro hula daga aljihu ya sa, ya miƙo mini portabul ɗinsa ya ce, "Kira mini yarinyar nan ta nuna mini abin. Amma ki gaya mata, in ta yi dariya zan kashe."

Ba ta yi ba. Na riga na yi mata ido. Ta bi da shi a hankali, ta ce ya matsa nesa da mota saboda ƙarfe ne ke sa kibiyar rawa. Ya matsa, kibiyar ta tsaya. Ya ce ashe ba laifinta ba ne. Muka yi magariba muna fuskantar wasu dogayen itatuwa a ƙetaren kogi.

Da muka isa Rillieux, tun kafin a shigar da kaya, ya kira surukinmu ya ce ya hau ya sauke tsohon kwanon. Shi ya tsaya a ƙasa, hannu a baya, yana faɗa masa ƙusar da zai fara kwancewa. Haɓata kuwa ta yi kwanaki a kumbure, har ranar suna mata suna tambaya, ina cewa ƙofar mota ce.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, mutum ba ya ganin haɗarin da yake ciki, komai yawan faɗa masa, sai ya gan shi a jikin wanda yake so. Na yi watanni ina cika wa Malam kunne da maganar faɗuwa, bai ji ba, domin shi a sama yake, ni ce a ƙasa ina kallo. Sai da ya zama shi ne mai kallo, sau ɗaya tak, sannan ya sauko da ƙafarsa, bai kuma sake hawa ba.